Kukan Aksul na Baya a Tsohuwar Mota: Yadda Ake Gano Tushensa da Yadda Ake Gyara Shi

Masu riƙe da tsofaffin motoci a nan Kumasi sun sha yi mini wannan tambaya: mota tana kuka daga baya, shin a buɗe aksul ne, wato gidan giyoyin da ke juya tayoyin baya, ko a nemo wani a Magazin na Suame, unguwar masu gyara da sayar da kayan mota, a ɗora? Yawanci masu Benz W123 ne, da Peugeot 504 da 404, da tsohuwar Land Cruiser, da fikof ɗin Datsun da har yanzu ke ɗaukar kaya a Asawase da Aboabo. Amsata kullum ita ce kada a saya, kada kuma a buɗe, sai an san abin da ke kukan. Sau da yawa laifin ba na aksul ba ne. In kuma nasa ne, gyaransa aikin awo ne, ba na ƙarfin dantse ba. Ga yadda ake bi daki-daki.

Kayan aiki

Jak mai kyau da tokarin ƙarfe guda biyu, safanu da soket, makullin Allen, kwano mai faɗi na tarar mai, maganaɗisu, kananzir na wanki, famfon ɗura man giya ko sirinji babba, da doguwar sukudireba. In za a kai ga buɗewa, sai an ƙara da agogon awo mai gindin maganaɗisu, safanar awon ƙarfin ɗauri, fula na zare boris (zoben ƙarfe mai ƙwayoyi da ke sa abu juyawa sumul), injin matsi, da shuɗin fenti na duba sawun haƙora. Fita, wato makanike, in ba shi da agogon awo, ka bar shi ya canja maka mai da sil (robar da ke hana mai yoyo), amma kada ya taɓa haƙoran giyarka.

1. Fita da motar ka saurara

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Ka nemi hanya mai santsi lokacin da babu cunkoso, kamar hanyar Ejisu ko ta Offinso da sassafen Lahadi. Ka yi tafiyar kwata awa tukuna don mai ya ɗumama, domin wani kukan ba ya fitowa sai ƙarfe ya yi zafi. Ka kashe rediyo, ka rufe gilasai, ka sa wani mai kunne ya zauna a kujerar baya.

Abin da ake nema shi ne lokacin da kukan ke zuwa da lokacin da yake ɗaukewa. Ka taka totur a hankali daga kilomita 30 zuwa 80 a awa. Sannan ka ɗage ƙafa, mota ta gangara da giya a ciki. Sannan ka riƙe gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi. Daga ƙarshe ka sa firi ka bar ta tana tafiya da kanta.

In siririn kuka ne mai tashi yayin da ka taka totur, ya mutu da ka saki, to haƙoran kurawun (babbar giyar aksul) da finiyan (ƙaramar giyar da ke juya ta) ba sa haɗuwa daidai, ko sun cinye. In kuma sai ka saki totur yake zuwa, abin da aka fi samu shi ne boris ɗin finiyan ya saki, ko notinsa ya kwance. Kukan da ba ruwansa da totur, yana nan ko ka taka ko ka saki, yana ƙaruwa da gudu kawai, na boris ne. Finiyan yana juyawa sau uku zuwa huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka boris ɗinsa kukansa siriri ne. Na gefen tukunya, wato tsakiyar aksul inda giyoyin suke, da na ƙafa kuwa gurnani suke yi mai kauri.

Akwai kuma bugu. “Ƙwas” sau ɗaya lokacin da ka saki kuloci ko ka koma ribas yana nuna wasa ya yi yawa a wani wuri: kuros, wato mahaɗin farfela (sandar da ke kawo juyi daga giyabos zuwa aksul), robar da ke riƙe da aksul, ko tazarar haƙora. Bugu mai maimaita kansa a kan ƙa'ida, yana sauri in mota ta yi sauri, alamar haƙori ya ɓalle ne. Ƙarar da ba ta zuwa sai a kwana, ƙananan giyoyin tsakiya ake tuhuma, ko ƙullin shaf, sandar da ke kai juyi daga aksul zuwa taya, a motoci irin W123.

Gargaɗi: in ka ji bugu mai maimaituwa, ka juya gida a hankali. Guntun haƙori in ya shiga tsakanin giyoyi yana iya kulle tayoyin baya ana cikin gudu.

Ka rubuta abin da ka ji: a gudu nawa, da totur ko babu. In ka isa wajen fita da wannan bayani, magana ta canja. Ba “Masta, tana kuka” kawai ba, a'a, “Masta, daga 50 take farawa, kuma sai na ɗage ƙafa.” Fita nagari daga nan ya san inda zai sa hannu.

2. Wanke waɗanda ba su da laifi

Kafin a kama aksul, a sallami maƙwabtansa. Taya ce ta farko. In kukan ya canja da ka sauka daga kwalta zuwa jar ƙasa, na taya ne, domin aksul bai san irin hanyar da ake bi ba. Ka shafa tafin hannu a kan tayar, in ka ji ta ci tudu da kwari, ka musanya na gaba da na baya ka sake gwadawa. Ka kuma duba ko tayoyin baya girmansu ɗaya. Mutane da yawa suna sayen taya ɗaya ta hannu su ɗora ba tare da duba lamba ba, sai ƙananan giyoyin tsakiya su yi ta juyawa ko a miƙaƙƙiyar hanya, alhali a kwana kaɗai aka yi su su yi aiki.

Boris ɗin ƙafa kuma ana gane shi da karkata mota. A wurin da babu kowa, ka ɗan murza sitiyari hagu, sannan dama. In gurnanin ya ƙaru da ka karkata hagu, nauyi ya koma dama ke nan, boris ɗin dama ne. Aksul ba ya canja murya saboda wannan.

In ka tsayar da mota cak, ka taka totur, kukan yana nan, to ka koma wajen inji ko salansa. In kuma a giya ɗaya kawai yake zuwa, giyabos ne.

Sai farfela. Kuros da ya bushe yana ƙara, yana kuma sa jijjiga da ake ji a ƙarƙashin kujera. Benz W123 tana da faifan roba a bakin farfela gaba da baya, da boris a tsakiya, da kuma robar da ke rataye aksul daga baya. Duk waɗannan in sun tsage suna bugu irin na aksul sak, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na giya ba. A Peugeot 504 farfela tana cikin bututu ne, ba a ganinta sai an sauke, don haka a nan kunne ya fi ido amfani.

3. Duba mai

A ajiye mota a wuri mai daidai. A fara kwance toshiyar ɗurawa ta sama, sannan ta zubarwa ta ƙasa.

Gargaɗi: kada a juya wannan tsari. In ka zubar da mai sannan ka tarar toshiyar sama ta ƙi kwantuwa, ka tsayar da motarka da hannunka. A W123 makullin Allen mai lamba 14 ne ke buɗe su, kuma a kankare ƙasar da ta cika ramin kafin a sa makulli, in ba haka ba zai zame ya lalata bakin.

Ka sa yatsa a ramin sama. Ya kamata ka taɓo mai a daidai bakinsa. In ba ka taɓo komai ba, ka riga ka samu dalili guda. Sai a zubar a kwano mai tsabta, a fitar da shi rana a karkata. Man giya yana da wari mai ƙarfi tun yana sabo, wannan ba matsala ba ne. Laushin toka-toka kaɗan a jikin maganaɗisu shi ma al'ada ne ga tsohon ƙarfe. Abin tsoro shi ne ƙyalƙyali a cikin man, ko ɓarɓashin da kake ji tsakanin yatsu, ko guntu mai girman ƙwayar shinkafa. Wannan boris ne ko haƙori ke narkewa.

In man ya koma kalar koko, ruwa ya shiga. Wannan ciwon namu ne na damina. Mota ta taho da zafi, ta faɗa ambaliya a Aboabo ko wani kwari, ƙarfe ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙo ruwa ta hancin numfashi da ke saman aksul ko ta sil. Duk wanda ya ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ya duba man aksul a makon nan. A kuma cire hancin numfashin a wanke. In laka ta toshe shi, iska mai zafi ba ta da mafita, sai ta tura mai ta sil, ka yi ta canja sil yana sake yoyo.

In babu ɓarɓashi, ka zuba sabon mai ka sake gwaji kafin komai. Ƙaramin kuka yakan ragu. Amma giyar da ta riga ta cinye saboda ta yi tafiya a bushe, mai ba ya mayar da ita.

4. Ɗaga mota ka gwada da hannu

A sa dutse ko katako gaba da bayan tayoyin gaba, a ɗaga baya, a ɗora a kan tokarin ƙarfe.

Gargaɗi: jak kaɗai ba ya riƙe rai, bulon siminti kuma yana fashewa ba sallama. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi sai mota ta zauna a kan ƙarfe.

Ka kama bakin finiyan inda farfela ke ɗaure, ka girgiza sama da ƙasa, ciki da waje. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. In ya motsa, boris ɗin finiyan ya saki. Sannan ka murɗa shi hagu da dama. Ɗan wasa dole ne, amma in yana tafiya sosai kafin taya ta amsa, akwai cin ƙarfe a ciki. Ka juya kowace taya da hannu kana saurare, ka kuma girgiza ta.

Wasu kan tayar da inji a sa giya tayoyi na juyawa a sama, a ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin aksul, a kara ƙotar a kunne. Dabara ce mai kyau, tana nuna boris ɗin da ke gurnani. Sai dai a yi ta a gudu kaɗan, mutum na zaune a kan birki, tayoyin biyu duka a sama, kuma ba da babbar riga ba. Kukan haƙora ba ya fitowa a haka, domin babu nauyi a kansu.

5. Gyara ko sauyawa

Nan ake maganar kuɗi. Farashi a Magazin da Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, yana tafiya ne da dala, don haka ka tambayi shago uku a ranar da za ka saya. Amma jerin tsadar ba ya canjawa. Mai da sil su ne mafi araha. Sai boris da shim (siraran washoshin daidaita tazara) da kuɗin aiki. Sai aksul na hannu, wanda ake kira hom-yus. Sabon kurawun da finiyan, in ma an samu na tsohuwar mota, shi ne ƙarshen tsada.

A ganina, in haƙora lafiya suke, boris kawai ya mutu, a gyara naka. Ka san tarihinsa. In haƙora sun cinye ko sun ɓalle, hom-yus mai kyau ya fi sauƙi. Amma kada ka biya sai an buɗe murfi a gabanka. Ka ce masa, “Masta, buɗe mu gani, in lafiya yake ba sai mun yi ciniki ba.” Ka duba haƙora ɗaya bayan ɗaya, ka juya finiyan da hannu ka ji ko yana tafiya sumul. In ka tarar da giris mai kauri ko garin katako a ciki, an yi ne don a rufe bakin kuka, ka bar shi.

Ka kuma tabbatar lissafin giyarsa ɗaya ne da naka. Ana ƙirga haƙoran kurawun a raba da na finiyan: 41 a raba da 11 ya ba da 3.73. A W123 ma ba duka ɗaya ba ne, 240D tana da 3.69, 300D kuma 3.46. Sun yi kama a ido, za su ɗauru, amma mota za ta canja ƙarfi a hawa, agogon gudu kuma ya riƙa yi maka ƙarya.

6. Kwancewa

Kafin a taɓa noti, a yi alama da fenti a inda farfela ta haɗu da finiyan, don ta koma yadda take. A tsofaffin Toyota da Datsun ana zare shaf biyu, sannan a ciro tukunyar gaba ɗaya ta gaba a kai kan benci. A W123 sai an cire murfin baya, domin wani ɗan zobe ne ke riƙe da shaf daga ciki.

Yanzu ka dakata. Kafin a warware giyoyin, a auna tazarar haƙora da agogon awo a rubuta. Tsofaffin giyoyi sun saba da juna a wannan tazara, kuma in su za a mayar, can ake so su koma.

Gargaɗi: murafun da ke danne boris ɗin gefe ba a musanya su. A buga wa na hagu ɗigo ɗaya, na dama biyu. Shim ɗin kowane gefe a ɗaure shi da waya a ajiye daban. Yaron shago in ya zube su duka a kwano ɗaya na kananzir, an ƙara wa aikin yini guda.

7. Dubawa

A wanke komai tas. Boris mai tabo, ko rami-rami, ko wanda ya yi shuɗi don zafi, ya tafi, kuma tare da zobensa na waje ake canja shi. A duba haƙora: in bakinsu ya yi kaifi, ko fuskarsu ta ɓare, ko akwai tsaga, sun gama aiki. A duba sandar da ƙananan giyoyi ke juyawa a kai da washoshin bayansu. Kurawun da finiyan tare aka goge su a masana'anta, sau da yawa ma lamba ɗaya ce a jikinsu. Wanda ya haɗa kurawun wannan da finiyan wancan ya sayi kuka da kuɗinsa.

8. Haɗawa da awo

Abu huɗu ake daidaitawa, kuma a jere suke.

Na farko zurfin finiyan, wato yadda ya kutsa cikin kurawun. Shim ɗin da ke bayan kansa ko bayan zoben boris ne ke tsara wannan. In giyoyinka na da za ka mayar, ka fara da shim ɗin da ka tarar.

Na biyu matsin boris ɗin finiyan. Ana ɗaure noti kaɗan-kaɗan, ana juya finiyan, ana auna ƙarfin da yake buƙata kafin ya juya. A yawancin aksul sabon boris yana neman abin da bai wuce Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa) 1 zuwa 3 ba, tsoho kuma ƙasa da haka. A hannu za ka ji yana juyawa sumul da ɗan nauyi, babu wasa. Aksul da yawa, har da na W123, suna da wani ɗan bututu tsakanin boris biyu wanda ke lanƙwashewa yayin ɗauri.

Gargaɗi: wannan bututu sau ɗaya yake aiki. In aka zarce da ɗauri, ba a kwancewa baya a ce an gyara, sai an sa sabo. Ka sayi biyu tun farko. Kuma dogon fayif da guduma ba su da wuri a wannan mataki. Noti da ya yi tsanani yana ƙona boris cikin 'yan kwanaki, wanda ya yi sako-sako kuma yana dawo da kukan da aka zo gyarawa. Ko sil kawai za a canja, a yi wa notin alama a ƙirga zagayensa, a mayar da shi inda yake.

Na uku tazarar haƙora. A kafa agogon awo bakinsa na taɓa haƙorin kurawun, a riƙe finiyan kada ya motsa, a girgiza kurawun gaba da baya. Yawancin motoci suna tsakanin milimita 0.10 da 0.20, amma littafin motarka ne alƙali. A auna a wuri huɗu a kewayen kurawun. In awon ya sha bamban sosai, ko datti ya shiga bayan kurawun lokacin ɗauri, ko tukunyar ciki, wadda kurawun ke ɗaure a jikinta, ta karkace. Ana gyara tazara da matsar da kurawun kusa da finiyan ko nesa da shi, ta hanyar shim ko manyan notin gefe. Abin da aka rage a gefe ɗaya a ƙara shi a ɗayan.

Na huɗu matsin boris ɗin gefe. Tukunyar ciki ta shiga gidanta da ɗan ƙarfi, kada ta faɗa da kanta. Kusoshin kurawun a ɗaure su a gicciye da safanar awo, da gam ɗin kulle zare.

9. Karanta sawun haƙora

A shafa shuɗin fenti siriri a haƙora huɗu ko biyar na kurawun, fuska biyu. A danne kurawun da katako don ya yi nauyi, a juya finiyan gaba da baya. Inda fenti ya goge, nan haƙora ke haɗuwa. Ana son sawun ya zauna a tsakiyar haƙori, ya ɗan karkata wajen siririn bakin da ke ciki.

In sawun ya hau can saman haƙori, finiyan bai shiga sosai ba, a matso da shi ciki. In ya nutse a gindi, ya shige da yawa, a ja shi baya. In ya taru a siririn baki na ciki, a ƙara tazara. In ya gudu zuwa faffaɗan baki na waje, a rage. Duk sanda aka taɓa zurfin finiyan, sai an sake auna tazara, sannan a sake shafa fenti. Yakan ɗauki zagaye uku ko huɗu, kuma wannan haƙurin ne ake biyan fita dominsa. A tsofaffin giyoyi fuskar da ke jan mota ta riga ta goge, don haka sawun ɗaya fuskar ya fi faɗin gaskiya.

10. Zuba mai da gwaji

A rufe da sabon gasket, a ɗura man giya har ya fara tsiyaya daga ramin sama, mota na zaune daidai. Yawancin waɗannan motoci 80W-90 ko 85W-90 mai alamar GL-5 suke sha, W123 kuma kimanin lita ɗaya take ɗauka. Baƙin man inji ba ya jure matsin waɗannan haƙora, kada a zuba shi ko na kwana ɗaya ne.

Gargaɗi ga masu Peugeot 404: da yawa daga cikinsu giyar aksul ɗinsu ta tagulla ce, wadda giya mai zare irin na noti ke juyawa, kuma sinadarin da ke cikin wasu man GL-5 yana cin tagulla. A tabbatar da irin aksul ɗin kafin a sayi mai. Aksul mai kulle tayoyi biyu shi ma yana da nasa man, in ba a sa ba zai riƙa kakkarwa a kwana.

Tafiyar farko kada ta wuce kilomita 20 zuwa 30. A tsaya a kai hannu kusa da tukunya. Ɗumi al'ada ne, amma in wajen finiyan ya yi zafin da ba ya taɓuwa bayan gajeriyar tafiya, ɗauri ya yi yawa, a koma benci. In an sa sababbin giyoyi, a yi kilomita 800 na farko ba lodi mai nauyi ba gudu mai tsanani, sannan a zubar da man a duba maganaɗisu a zuba sabo. In tsofaffin giyoyi aka mayar da sababbin boris, ɗan siririn kuka a wani gudu na iya saura. Muddin ba ya ƙaruwa, mai kuma yana fita da tsabta, ana iya ci gaba da hawa, a riƙa duba man bayan kowace damina.